Rabin Juyi Tsakanin Muryoyin Baba

Tun ranar da na dawo daga Benin ba ku bar ni na huta ba. Zulai ta tare ni a bakin famfo. Asma'u ta biyo ni har makewayin Islamiyya tana tambaya ta bayan ƙofa, wai da gaske ne mata na tuƙa babur a can, wai na ga Turawa, wai ina turaren da na kawo. Kowacce na ba ta guntun labari, guntayen kuma sun fara haihuwa, domin jiya na ji ana cewa an kama ni a boda da bam. To ga shi na rubuta gaba ɗaya a littafina na Kimiyya, tunda dai ba abin da ake rubutawa a cikinsa. Ku karanta ku miƙa wa ta gaba. Wadda ta ɗiga masa manja, ita da Allah.

Kun san Babana, Malam Sani mai gyaran rediyo na bayan tasha, wanda ya rasu farkon daminar nan. Kun san tun ina ƙarama a shagonsa nake wuni bayan makaranta, a zaune kan ƙwaryar wata tsohuwar talabijin, ina tsince masa sukurori. Abin da ba ku sani ba shi ne yana da uwa a raye. Sunanta Inna Kulu, sunanta aka sa mini, shi ya sa Baba yake kirana Mamana, sauran mutane su ce Ummi. Bayan rasuwar kakana ta koma wurin danginta, wani ƙauye gaba da garin Segbana a Jamhuriyar Benin, tun kafin a haife ni. Idanunta sun daɗe da tafiya. Dukiyarta a duniya rikoda ɗaya ce da kaset ɗaya. A satin da aka haife ni Baba ya ɗauki muryarsa a kaset ɗin ya aika mata, yadda mutanen da suke yi maimakon wasiƙa, kuma tun daga lokacin kullum sai ta saurara.

Bara Gwaggo Hajo, yayar Baba, mai kai busasshen kifi can, ta dawo da labari. Batura sun yi ruwa a cikin rikodar, sun cinye ƙarafan da ke riƙe su, rikoda ta yi shiru. Ƙauyen ba wutar gwamnati. Akwai batirin sola a gidan, amma shi bolt goma sha biyu yake bayarwa, rikodar kuwa shida take ci.

Da Baba ya ji, sai ya wuce shago. Ya ɗauko gwangwanin alewa ya huda, ya ɗaure wani ɗan allo a ciki wanda bai kai akwatin ashana ba. Shi yake kira mai rage wuta. Aikinsa ya karɓi wuta mai yawa ya daddatse ta gutsi-gutsi da sauri, buɗe rufe, buɗe rufe, sau dubbai kafin ki ƙifta ido, ya miƙa daidai abin da aka ce masa, ba tare da ya ɗau zafi ba. Idan kun taɓa ganin Gwaggo tana raba naman Sallah kun gane. A kan allon akwai wani ɗan akwati shuɗi mai sukurun tagulla, kansa bai fi ƙwayar dawa ba. Da shi ake faɗa masa nawa zai bayar.

"Mamana," in ji Baba, "sabo a buɗe yake zuwa. Kika haɗa rikoda kafin ki auna, sha biyun duka za su shige ta, sai dai ki ji ƙauri. Auna tukuna." Ya tsaya ya yi numfashi. "'Yar motar da ke juya kaset a rikodar nan ni na canja ta tun tuni, na sa wadda na samu. Gudunta yana bin wuta. Shida aka rubuta, amma sai an je gabanta za a daidaita. In ya zauna, ki ɗiga janfarce a kan sukurun, kada ya motsa."

Na ce, "Ai kai za ka je."

Ya ce, "Bayan damina."

Dole in gaya muku wani abu kan muryarsa. Ku da kuka san shi kun san ta, ƙasa-ƙasa, a dishe, kowace kalma sai ya jawo ta kamar guga daga rijiya mai zurfi. Ciwon maƙogwaro da ƙirji ne, ya kama shi tun ina aji biyu na firamare. Ni ban ma tuna yana da wata murya ba. Saboda ita ya daina zuwa wurin Inna, ya ƙi yi mata magana ta waya. Yakan ce, "Ta ji ni haka, ba za ta ƙara barci ba." Gwaggo ce mai ɗaukar uzuri ta kai tare da kifi: aiki ya yi masa yawa, sabis ba kyau, yana gaishe ki. Da ya rasu aka ce wa Inna zazzaɓin kwana uku ne.

Da ruwa ya ɗauke, Umma ta miƙo mini gwangwanin da mitarsa ta awon wuta da ƙaramin sukundireba. Ta ce, "Ke kaɗai kika san kan abin nan. Bi Gwaggonki."

A tashar Bagudo, kafin in sa ƙafa a mota, Gwaggo ta kama kunnena.

"Ummi, bakin nan naki mai kama da rediyon da maɓallinsa ya karye, ki kulle shi. Zazzaɓin kwana uku munka ce. Nawa munka ce?"

"Uku, Gwaggo."

"Ki ƙara kwana ɗaya bisa, in bar ki can a aura miki mai noman auduga."

Motar an yi ta don mutum biyar, mun shiga mu tara, ban da kwandunan kifi da wani rago da aka ba shi wuri mafi kyau fiye da nawa. Ƙafata ta hagu tun daga gadar Tuga na daina jin labarinta, sai a Kaoje muka sake gaisawa. Kogin Kwara ya cika ya batse, masunta na ta jan koma a ƙasa, amma ni abin da na fi gani shi ne ƙeyar direba.

Gab da Kaoje taya ta fashe. Muka zube a gindin wata bishiya, kusa da masu yankan shinkafa da ke ta tsince abin da ambaliya ta rage musu. Kowa ya yi tsuru-tsuru, ni kuwa zaman shiru ciwo yake sa ni. Na ciro mitar Baba na ce ina auna ƙarfin jinin mutum kyauta. Ka riƙe jan tsinke a hannu ɗaya, baƙi a ɗayan, lamba ta fito. Lambar ba abin da take nufi sai damshin hannu, amma wa ya sani?

Wani tsohon masunci ya fara. Na duba na ce, "Baba, kai ko kada ka kama sai ya ba ka haƙuri." Ya yi dariya har haƙorinsa ɗaya ya fito. Direba ya goge hannu ya riƙe, na ce masa jininsa kashi biyu shayi ne, kashi ɗaya baƙin mai. Akwai wata Mama Ngozi mai shagon magani a Kaoje, wadda Hausarta ta Kabi ta fi tawa nauna. Ta ce, "Ke ɗiyar ga, ƙarya kika yi, amma auna ni." Har ragon sai da aka auna. Gwaggo kaɗai ta ƙi, ta ce ita jininta ba na nunawa ba ne.

Mama Ngozi ta dubi bayan mitar inda Baba ya rubuta sunansa da fenti. "Ta Malam Sani ce? Shi ya gyara min firij ɗin allura, ranar ma ko magana ba ya iyawa, da hannu yake nuna min." Ta sayo mini ƙosai ta tura mini a cinya. Na ci.

Yanzu boda. Ni a raina boda katanga ce har sama, da ƙofar ƙarfe, da sojoji masu kallon mutum su gane abin da ya ci jiya. Da muka wuce garin Tsamiya sai na ga gora a kan durom biyu. Wata akuya ta bi ta ƙarƙashi ta shige Benin ba wanda ya tambaye ta takarda, ta ci ganye, ta dawo Najeriya.

A ɗaya gefen aka ce kowa ya sauko da kayansa. Wani dogon ma'aikaci mai kaki yana dubawa. Yana ɗaga jakata sai ta fara kuka, ɗiiii. Ashe tsinkayen mitar ne suka haɗu a ciki. Mutumin ya saki jakar ya yi baya taku uku, direba ya ɓuya bayan rago, Gwaggo ta fara salati da ƙarfi. To wannan shi ne bam ɗin da ake faɗa, Zulai, ki je ki gyara labarinki.

Ya yi mini Faransanci, na yi masa kallon akuyar ɗazu. Ya yi Dandanci, Gwaggo ta amsa rabi. Daga ƙarshe ya sauko Hausa. Na buɗe gwangwanin na yi masa bayani tun daga kaset har sukuru. Ya daɗe yana kallon ɗan allon.

"Muryar mamaci ce za ki tayar?"

"Ta Babana."

"Ni tawa uwar ko hoto ba ta bari ba," in ji shi. Ya shiga rumfarsu ya fito da tocila, wai in duba masa ko batirin ne ya mutu ko ƙwan. Na auna, batirin ne. Ya ɗaga gorar da hannunsa ya ce mu sauka lafiya. Ni kuwa don jin daɗin an ga gwanintata, na cusa mitar a jaka ina ta surutu. Ban kashe ta ba. Ku riƙe wannan.

Mun isa Segbana rana tsaka, garin kamar an yi shara. Ashe su da azahar rufe ofis da shago suke yi, kowa ya je ya kwanta har la'asar ta kusa. Na ce wa Gwaggo a bar ni a nan, na samu ƙasata. Burodinsu dogo ne kamar taɓarya, ana saƙale shi a hammata, kuma idan ya kwana za a iya korar ɓarawo da shi. 'Yan makaranta duka kaki suke sawa, maza da mata, sai ka ce ƙananan masu gadi. Kuma eh, Asma'u, mata na tuƙa babur. Na ga wata da goyo a baya, daro a ka, buhu a gaba, tana tafe tana cin gyaɗa. Turawa kuwa ko ɗaya ban gani ba.

Abin da ya fi ba ni mamaki, wata rumfa a bakin titi, mutane zaune da kwalabe a fili suna shan abin da a wurinmu ko sunansa ba a faɗa da ƙarfi tun da aka kawo Shari'a. Ba mai ɓoyewa, ba mai leƙe. Wani ma ya ɗaga mana hannu. Gwaggo ta jawo hijabina ta rufe mini fuska gaba ɗaya, wai kada idona ya ɗauki zunubi, na tafi a makance na yi karo da turken rumfar mai kifi. Ƙullutun da kuka gani a goshina ke nan. Ba jandarma ne ya buge ni ba.

Mun sauka gidan wata abokiyar cinikin Gwaggo, Madam Salamatu. Gaisuwarsu kaɗai ta isa a dafa shinkafa: a durƙusa, a tambayi gida, a tambayi gajiya, a yi gunaguni a maƙogwaro, a sake daga farko. Ta ba mu sakwara da miyar gyaɗa da wani cukun Fulani mai jan baya da suke kira wagashi, yana ƙara a haƙori kamar sabon takalmin roba. Na ci har na kasa lanƙwasawa. Da ta ji 'yar wa ce ni, ta ce, "Inna Kulu jikin ya yi sanyi fa. Tun da aka kawo mata rasuwar nan ba ta cin kirki." Gwaggo ta ajiye lomar da ke hannunta.

Da safe muka hau babur biyu, muka bi ta gonakin auduga fari fat. Mai babur ɗina ya ɗauka tsere ake yi. Na rungume gwangwanin a ƙirji, duk ramin da muka faɗa sai na ji kamar Baba zai ce, a hankali, Mamana.

Mun tarar da ita a ƙofar ɗakinta kan tabarma, 'yar ƙarama kamar an wanke ta ta shige. Rikodar tana gefenta, an lulluɓe da ɗankwali. Na durƙusa na gaishe ta. Ta miƙo hannu ta shafa fuskata, goshi, hanci, kunne, ta tsaya a kan ƙullutun.

"Wanga hancin na Sani na. Wanga ƙahon fa, na wa?"

"Na Gwaggo ne, Inna. Ita ta yi mini."

Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. "Takwara, ashe baki gare ki. An ce ke ka gyara min abina. Mace da gyaran rediyo! In kin ɓata shi, sunana za ki mai do min."

Wani jikan ƙanenta, Sabi, magidanci mai cajin wayoyi, ya kinkimo batirin solarsa ya ajiye. Ya ce shi tuntuni ya so ya haɗa waya kai tsaye, Gwaggo ce ta hana. Na yi masa kallon manyan masu gyara, na buɗe jaka, na murɗa mita.

Fuskar mitar fari fat, ba lamba ko ɗaya. Na kashe na kunna. Na bubbuga ta a cinya. Na ciro batirinta, ɗan mai kusurwa huɗun nan, na ɗora a harshe yadda Baba yake yi. Ko ɗan tsami babu. Batirin da Baba ya sa da hannunsa na ƙarshe, na ƙarar da shi a kan direba da rago.

Sabi ya ce irin wannan batirin sai ranar kasuwar Segbana, kwana huɗu nan gaba, in ma an dace. Gwaggo ta dube ni, kallon da ya fi mari.

"Mi ya faru?" in ji Inna.

"Abin awon ya mutu, Inna. In na haɗa ba awo, wuta na iya yin yawa ta ƙone rikodar, ko ta ja zaren kaset ɗin ta tsinke. Gara mu jira kasuwa."

"Ke kina da kwana huɗu," ta ce. "Ni ban sani ba. Ubanki da awo ya fara? Da kunne ya fara. Yi abinki."

Na zauna na tuna duk abin da na taɓa gani a shago. Na cire kaset ɗin na ba Inna ta riƙe. Na sa sukundireba na juya sukurun baya, baya, baya, ina ƙirgawa har na wuce ashirin, sai na ji ɗan ƙas, alamar ya kai ƙarshe. Nan wutar ta fi ƙanƙanta. Na roƙi Sabi ƙwan tsohuwar fitilar babur, na ɗaura shi inda rikoda za ta shiga, na haɗa gwangwanin da batir, ja a ja, baƙi a baƙi, na duba sau bakwai. Ƙwan ya yi ɗan ja kamar garwashin da ya kusa mutuwa. Na juya gaba kaɗan, ya ƙara haske. Na koma baya, ya dushe. To allon yana jin magana.

Sannan na kankare wayoyin rikodar da ruwan batir ya ci, na haɗa ta ba kaset a ciki, na danna. Shiru. Juyi ɗaya, shiru. Juyi biyu, ɗan ƙarfen da ke jan zare ya motsa kamar mai ciwon baya. Na kai hanci ina shinshina ƙauri, babu.

"Kawo kaset ɗin, Inna."

Sai da ta shafa shi gaba da baya kafin ta sake shi.

Da farko wani gurnani ya fito kamar sa a cikin rijiya. Na ci gaba da juyawa kaɗan-kaɗan, gurnanin ya fara zama kalmomi. Ina cika juyi na uku sai ga shi. Ƙasa-ƙasa, a hankali, yana jawo kowace kalma. "Salamu alaikum, Inna. Ni ne Sani." Na cire hannuna. Wallahi har warin dalmar shagon na ji. Wata biyar rabona da muryar nan.

"Batir ya yi sanyi," in ji Inna. "Ƙara."

"A'a, Inna, ya yi daidai. Haka muryarsa take."

Gwaggo ta mintsine ni a cinya har sai da na ga taurari, amma maganar ta riga ta fita. Inna ta lalubo maɓalli ta kashe rikodar da kanta.

"Haka take tun yaushe?"

"Inna, yarinya ce," in ji Gwaggo, "ba ta san abin da..."

"Hajo, ba ke nika tambaya ba. Takwara, tun yaushe?"

Na dubi Gwaggo. Na dubi idanun Inna, farare, suna kallon gefen kaina. Na iya ƙarya, kun sani, na auna rago na ba shi sakamako. Amma wannan ta ƙi fitowa.

"Tun ina aji biyu na firamare."

"Shekara nawa ke nan?"

"Takwas."

Wata kaza ta zo ta leƙa gwangwanin ta wuce.

"Kwana uku kunka ce min," in ji Inna, ba da ƙarfi ba.

Gwaggo, wadda ban taɓa ganin hawayenta ba ko ranar rasuwar, ta rufe fuska da mayafi. "Shi ya hana, Inna. Ya ce in kin ji shi ba ki ƙara barci."

"Na san shi ya hana. Tun yana yaro in ya ji ciwo bayan ɗaki yake zuwa ya yi kukansa." Ta juyo wajen Gwaggo. "Ni ina nan ina cewa ya manta da ni. Har fushi na yi da shi, Hajo. Shekara takwas ina fushi da marar lafiya."

Na kai hannu zan ƙara wutar, don dai in yi wani abu. Ta ji motsina.

"Bar shi nan inda kinka sa. Mai da shi farko."

Na mayar. Ta jawo rikodar ta ɗora a cinya, ta dafa ta da hannu biyu, muka saurara tun daga sallama. Yana gaishe ta, yana gaida mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, rabinsu sun mutu. Ya ce an sauka lafiya, mace ce, ya sa mata sunanta. Ya ce, "Tana da baki, Inna, ta fi duk rediyon shagona ƙara, ji ta." Sai ga kukana, a wannan gudun kamar ɗan maraƙi. A wata rana da na yi dariya. Ya ce, "Bayan damina zan kawo miki ita." Duk a cikin muryar da na sani, mai nauyi, mai gajiya, kamar daga kan gadonsa yake faɗa. Inna tana shafa bayan rikodar a hankali, yadda ake shafa bayan mai tari. Wani wuri ta ce, "Sannu." Can kuma ta sake cewa, "Sannu, Sani."

Da kaset ya ƙare ta share fuska da gefen zane.

"To. Kun hana ni jinyar shekara takwas, na yi tawa ta rabin awa. Allah Ya sa kaffara ce. Yanzu ƙara min wuta, Takwara. A hankali."

Na mayar da zaren farko, na sa sukundireba. Muryar ta fara tashi kamar mai miƙewa daga kwance. Dishewar da nake ji ta washe, kalmomin suka fara bin juna da gudu. Ban kai rabin juyi ba na so in tsaya, don na fara jin tsoro, ta ce, "Ƙara." Na cika rabin.

"Tsaya! Nan."

Wani saurayi ne yake magana. Mai sauri, mai zolaya, yana faɗin abu yana katse kansa da dariya. Ban san shi ba. Da na gamu da muryar nan a kasuwa da na wuce. Sai da ya zo wurin "ta fi duk rediyon shagona ƙara" ya ƙyalƙyale, sannan na gane shi, domin dariyar nan da Malama take korata waje saboda ita, ashe ba tawa ba ce. Gadonta na yi.

"Wanga shi na Sanina," in ji Inna.

Muka saurara har ƙarshe. Na taɓa allon, ko ɗumi bai yi ba. Na ciro 'yar kwalbar janfarcen da Baba yake ajiyewa a shago, na yi mata bayani: in na ɗiga ya bushe, sukurun ba zai ƙara motsi ba, inda aka bar shi nan zai zauna.

"A wanne zan liƙe, Inna?"

Ta shafa bayan rikodar.

"Wancan naku na, ku kunka wahala da shi. Wanga nawa. Liƙe."

Na ɗiga. Ɗigo ɗaya ja a kan tagulla. Muka zauna mu huɗu muna jiran ya bushe, ita tana riƙe da wuyan hannuna. A ranar ta ci tuwo, Sabi ya ce rabonta da cin kamarsa tun kafin Sallah.

Dawowa ba abin da zan ba ku. Hanya ɗaya ce, gora ɗaya, har akuyar ina jin ita ce. Gwaggo ba ta yi mini magana ba sai da muka hau gadar Tuga, sannan ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Da kin yi shiru da har yanzu tana fushi da shi." Ta ɓare mini lemo.

Kafin mu taso Sabi ya ɗauki muryar a wayar Gwaggo. Na kunna wa Umma. Ita ta san saurayin, shi ta aura. Ta karɓi wayar ta shige ɗaki. Yau kwana tara Gwaggo na aikowa a karɓo, Umma na cewa caji take yi.

Turare dai ban kawo ba, Asma'u, ki yi haƙuri. Shekaranjiya na sayi sabon batir na sa wa mitar, na buɗe shago, na ɗauko wani allon irin wancan a cikin kayan Baba. Na kai shi juyi uku na auna. Na ƙara rabi na sake aunawa. Ina so in san nisan da ke tsakanin Baban da na sani da ɗan da Inna ta haifa.

Bai kai bolt ɗaya ba.